Gejin zuƙar iska a tsohuwar mota: na zamanin motar ko sabuwar ƙira?

Mutane sun yi ta tambayata wai wanne ya fi, to bari in faɗi abinda na sani.

Aikinsu dai ɗaya ne, auna ƙarfin yadda inji ke zuƙar iska. Siririn tiyo ake ja daga manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, zuwa bayan gejin, inji mai lafiya in yana silo allurar tana tsayawa cak tsakanin 17 da 21 a ma'aunin inci na makuri (inHg) da ke fuskar gejin, in ka ga tana rawa sosai to ka duba bawul, in kuma ta yi ƙasa ta zauna nan wataƙila taimin, wato saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta, ne ya yi latti ko iska na shiga ta wani waje.

Tsohon geji irin na kamfanin Smiths na Ingila wallahi kyau ne da shi, rubutunsa da zoben bakinsa suna shigewa cikin sauran agogunan dashbod kamar tare aka haife su. Amma samunsa wahala, ga tsada in mai kyau ne, kuma shekaru sun ci cikinsa, zai iya nuna maka 14 alhali injinka ƙalau yake, ka je kana kwance abinda bai lalace ba. Dole a gwada shi da wani gejin tukunna, a duba kwan fitilarsa ma ko na 6 volt ne ko 12.

Sabo kuwa ba ruwanka, sauƙin kuɗi, karatunsa daidai, sai dai fuskarsa takan tona shi. Kowanne ka saya don Allah kar ka huda dashbod, ɗaura shi a ƙasa da biraket.

Mai adana mota yadda ta fito, tsohon ne nasa. Mai hawanta kullum yana son sanin lafiyar inji ya ɗauki sabo.