Wata goma sha takwas a hawa na shida: abin da na biya kuɗinsa da abin da ya amfane ni

Ranar da dillali ya kai mu ganin gidan, ɗakin motsa jiki ya fara buɗe mana, tun kafin mu leƙa inda za mu riƙa kwana. Mutumin ya san aikinsa. Madubi bango guda, injinan gudu uku a jere, kekuna biyu, ga ƙarafunan ɗagawa an shirya su daga ƙarami zuwa babba. Daga nan ya haura da mu saman rufi ya nuna mana wurin ninkaya, ruwa garai-garai. Ni kuwa a lokacin likita bai daɗe da gaya mini cewa jinina ya fara hawa ba, tumbi kuma ya fara yi wa maɓallan riga barazana. Na dubi matata na ce, "Kin ga an kawo mana lafiya har gida." Ta yi irin murmushin nan na macen da ta san halin mijinta, ba ta ce uffan ba.

Bene ne mai hawa tara, mu muna na shida, ni da ita da 'yarmu mai shekara bakwai. Bayan kuɗin haya akwai kuɗin hidima da ake biya kowane wata, shi ne na ɗakin motsa jikin, da wurin ninkaya, da lifta, da masu gadi da shara. Yanzu da wa'adin hayar ya kusa cika na zauna na yi wa kaina hisabi, kuma abin da na tarar ya ba ni kunya kafin ya ba ni dariya.

Ƙofar ɗakin motsa jikin da kati ake buɗe ta, don haka kwamfutar ofis tana riƙe da lissafin kowa. Na roƙi mai kula da gidan ya duba mini nawa. Sau 41 na shiga cikin wata 18, kuma 26 daga ciki a wata biyun farko ne. Ya miƙo mini takardar yana danne dariya, ya ce, "Yallaɓai, ai kai ka yi ƙoƙari. Akwai wanda katinsa bai taɓa taɓa ƙofar nan ba."

Lalaci yana ciki, ba zan yi musu ba. Amma ɗakin ma yana da nasa laifin. A ƙarƙashin ƙasa yake, maƙale da wurin ajiye motoci, ba taga ko ɗaya. Kafin ka isa sai ka canza kaya, ka nemo takalmi, ka jira lifta, ka ratsa tsakanin motoci kana shaƙar hayaƙi, sannan ka tarar da talabijin yana ta kururuwa ba mai kallonsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, sai dai duk wanda ya dawo aiki a gajiye, dalili ɗaya yake nema ya ce sai gobe. Injin gudu ɗaya ya yi wata biyar da takarda manne a jikinsa an rubuta "ana gyara". Duk da haka akwai wata maƙwabciyarmu da ba ta fashi, ƙarfe biyar da rabi na asuba tana can. Da muka yi hira na gane tun kafin ta tare a gidan ta saba, a da mota take shiga ta je wani wurin. Ita ɗakin ya rage mata wahala. Ni da na zo da fatan ɗakin zai sa mini ɗabi'ar da ba ni da ita, sai ya zama ado.

Abin da ya motsa ni, liftar ce da ta lalace. A wata na bakwai ta tsaya cak, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga nesa, aka yi kwana goma sha ɗaya ana jira. Daga ƙasa zuwa ƙofarmu taki 108 ne, goma sha takwas a kowane hawa, na ƙirga su har na haddace. Ranar farko a hawa na uku na tsaya na ciro waya ina dannawa kamar an turo mini saƙo mai muhimmanci, alhali numfashi nake mayarwa, zuciya tana dukan uku-uku. 'Yata ta riga ni kaiwa sama, ta leƙo ta tsakanin ƙarafuna tana kira, "Baba, ka gaji ne?" Zuwa kwana na tara ina hayewa ba tsayawa, da jaka a hannu.

Da aka gyara liftar ban koma mata ba sai jefi-jefi, kuma a nan dole in yaba wa wanda ya zana ginin. Matakalar tana nan kusa da babbar ƙofa, kana shigowa ita za ka fara gani, liftar ce ke can lungu. Tana da faɗi, kowane hawa da tagarsa, iska tana kaɗawa, ana share ta kullum. Na zauna a wani benen a da inda matakala take bayan wata ƙofar ƙarfe mai nauyi, duhu da warin bola, ba ka shigarta sai in gobara ta tashi. Wannan kuwa a kan hanyata take. Ba canza kaya, ba kati, ba shawara da zuciya.

Daga baya na ci karo da labarin wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, wanda a 1953 ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufurin Landan kusan 31,000. Direbobin bas masu hawa biyu wuni suke yi a zaune, kwandastoci kuwa suna ta hawa da sauka suna karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, in ya kama su kuma ya fi yi musu mugun kamu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin matakala ne. Ba wanda ya ce wa kwandastan nan ya je ya motsa jiki, aikinsa ne ya zo da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma a ƙa'idojinta na 2020 ta cire sharaɗin da ke cewa sai motsin ya kai minti goma a jere kafin a sa shi a lissafi. Wato hawana na minti biyu da rabi ya shiga. Kada in cika baki dai: sau uku a rana, a mako bai wuce minti hamsin da 'yan kai ba. Da sauran tafiya.

Kwanakin nan goma sha ɗaya da suka zame mini alheri, ga wasu kurkuku ne. Akwai wani dattijo a hawa na takwas mai ciwon gwiwa, ko sau ɗaya bai sauko ba, har ranar ganin likitansa ta wuce. Akwai mai tsohon ciki a na bakwai da take zama a kan matakala tana hutawa hawa-hawa. Bene mai hawa tara da lifta ɗaya tal ganganci ne, kuma masu gidan ko haƙuri ba su ba kowa ba, balle su rage kuɗin hidimar watan. Wannan har yau yana ci mini rai.

Dattijon nan shi ya cika mini ragowar mintocin. A tsakiyar gidan akwai fili mai 'yan bishiyoyi da siririyar hanya da ta zagaye shi, abin da dillali ya wuce ko nunawa bai yi ba. Bayan an gyara liftar na gan shi da yamma yana zagayawa da sandarsa, na gaishe shi, na jera da shi zagaye biyu don ladabi. Washegari ina saukowa ya ce, "Ɗana, yau ka makara." Shi ke nan na shiga tarko. In na yi kwana biyu ban fito ba sai ya aiko jikansa ya buga mana ƙofa, wai Baba yana tambaya ko lafiya. Injin gudu bai taɓa cigiyata ba. Yanzu mukan yi kusan rabin awa, yawancin ranakun mako, tafiyarsa a hankali ce, don haka in ya zauna a benci sai in ƙara zagaye huɗu da sauri. Wayata tana ta matsa mini da taki dubu goma a rana, na daina kula ta tun da na san adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taki ya samo asali, a Japan, a 1965.

Wurin ninkaya ba ni da dogon zance a kansa. 'Yata ta koyi iyo a ciki, wannan kaɗai ya isa in gode. Amma ba mai tsaro a bakin ruwan, ƙarfe bakwai na yamma ake kulle shi, lokacin da yawancin masu aiki ke shigowa gida. Ranakun hutu yakan yi warin nan mai yaji da mutane ke ɗauka alamar tsafta ce. Ba ita ba ce: warin yana tashi ne in kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan don kashe ƙwayoyin cuta, ya haɗu da gumi da fitsari, shi ke sa idon yara ja. Wasa a saman rufi kuma ba sabon abu ba ne da za a riƙa yi mana burga da shi. Ginin da mai zanen gine-gine Le Corbusier ya kammala a Marseille ta Faransa a 1952, mai gidaje 337, yana da hanyar gudu da wurin wasan ruwa na yara a samansa.

Inda gidan ya cuce ni, barci ne. Ɗakin kwananmu yana fuskantar babban titi, tagar kuma gilashi ɗaya ce marar kauri. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙarar da ke ci gaba ba yankewa a ɗakin kwana kada ta wuce desibel 30 da dare (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Manhajar da na sa a waya, ko da yake ba ma'aunin kirki ba ce, kullum sama da haka take nunawa ko taga a rufe, in babbar mota ta wuce kuwa ba a magana. Ga na samanmu da ke jan kujeru ƙarfe ɗaya na dare kamar mai shirin tashi daga gidan. In ka rufe taga ka tashi da nauyin kai don iska ba ta zagayawa, in ka buɗe ka kwana a titi. Na lura duk ranar da barcina bai kai awa shida ba, ranar liftar nake bi, ranar kuma nake tsayawa gaban injin sayar da kayan zaƙi da aka girke a zaure, daidai inda ake jiran lifta. Wanda ya zaɓa wa injin nan wuri ya fi wanda ya zaɓa wa ɗakin motsa jiki sanin ɗan Adam.

Iskar cikin gida ma sai a hankali. Hayaƙin sigarin wani da ban san ko wane ne ba yana shigo mana ta mazuƙar iskar banɗaki, don bututu ɗaya ne ya haɗa gidajen daga ƙasa har sama. Na kai ƙara sau uku, aka manna takarda a allon sanarwa, magana ta mutu. A wata na goma da muka janye kabad muka tarar da funfuna ta yi baƙi ƙirin a bango, faɗin tabarma. Ita ce ashe ke sa yarinyar tari da dare. An goge, an sake fenti, muka sayi ƙaramin ma'aunin danshi, muna ƙoƙarin kada ya haura kashi 60 cikin ɗari, wanda daga nan ne funfuna ke samun gindin zama. Fankar da ke saman murhu kuwa ba ta fitar da hayaƙi waje, tacewa take yi ta dawo da shi, sai mun buɗe ƙofar baranda duk lokacin girki. Kicin ɗin mutum biyu ba sa juyawa a ciki, masu kawo abincin oda kuma har bakin ƙofa ake barinsu su hau, saboda haka a watannin farko girki ya ja baya sosai a gidanmu, sai da matata ta sa doka.

Wani abin da ban hango ba shi ne yarinyar. Ana son yaro mai shekarunta ya samu aƙalla awa ɗaya ta guje-guje a rana. A hawa na shida ba ta isa ta ce za ta fita ta fita ba, sai babba ya sauka da ita ya zauna. In mun shagala, ranar a gaban allo za ta ƙare. Yaran hawa na ɗaya da na biyu, da iyayensu ke hango su ta taga, su ne kullum a fili.

In tauraro za a bayar, uku da rabi zan ba gidan cikin biyar, kuma rabin nan na matakala ne. Jinina ya ɗan sauka, likita ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi, amma magani ma ina sha, don haka ba zan jingina wa bene abin da ba nasa kaɗai ba. Mai neman irin wannan gida ya bar dillali ya gama nuna madubai, sannan ya dawo shi kaɗai wajen ƙarfe goma na dare ya tsaya a ɗakin kwana ya saurara, ya buɗe ƙofar matakala ya shinshina, ya tambayi wani ɗan haya, ba ofis ba, kwana nawa lifta ke yi in ta lalace.

Za mu sabunta hayar, amma na nemi a mayar da mu ɓangaren da ke kallon filin, nesa da titi. Mai kula da gidan ya ce akwai waɗanda za su tashi nan da wata biyu, a hawa na huɗu. Matata ta yi murna don za ta riƙa hango yarinyar ta tagar kicin. Ni kuma na buga lissafi, taki 72 ne, na yi asarar 36 a kowace hawa. Da na gaya wa Baba ya ce in kwantar da hankalina, in riƙa zuwa ɗaukarsa a hawa na takwas.