Madubin hangen nesa mai lamba 8x42: gwajin da na yi masa a dajin Omo

Na sayi wannan madubi a wani shago na kasuwar Dole a nan Damagaram, gabanin tafiyata Shagamu wurin wani kawuna da ke fataucin goro, domin na daɗe ina son ganin tsuntsayen kurmi waɗanda ba su rayuwa a ƙasarmu ta ƙaya da gawo. Lambar 8x42 tana nufin yana kusanto da abu sau 8, kuma faɗin gilashinsa na gaba milimita 42 ne, wanda shi ne ke tara haske.

A dajin Omo na jihar Ogun na gane amfanin wannan faɗi, saboda ƙarƙashin manyan itatuwa duhu ne ko da rana tsaka. Akwai tsuntsaye biyu ƴan gida ɗaya da ke rikita mai kallo, waɗanda a ilimin kimiyya ake kira Eurillas virens da Eurillas latirostris, dukansu ƙanana, launinsu kore mai duhu kamar ganyen da suke ɓuya a ciki. Bambancin shi ne na biyun yana da zane rawaya a kowane gefen maƙogwaro, kamar gashin baki, na farkon kuwa ba shi da shi. Da ido kawai ban taɓa iya ganin zanen ba, amma da madubin ya fito sarai a lokacin da tsuntsun ya juyo da kansa. Sai dai ɗan na biyun ba ya fito da zanen sai ya girma, don haka a nan kunne ya fi gilashi: na farkon yana kwararo kuka mai gudu da kaɗe-kaɗe, na biyun kuwa yana maimaita sauti kusan iri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne raɓar safiya ta shiga cikin gilashin har ya yi hazo, alhali mai shagon ya tabbatar mini cewa ruwa ba ya shigarsa. Na rasa safiya guda ina jira ya bushe. Igiyar wuyansa ma siririya ce, tana cin fata idan an yi zufa.

Da na dawo gida lokacin hunturu, na kai shi bakin tafkin Gidimuni, inda iska busasshiya ce, kuma bai sake yin hazo ba, ƙura kaɗai nake gogewa. Wanda zai nufi kurmi ya ƙara kuɗi ya nemi wanda aka toshe da kyau.