Kayan ƙafar gaba na a-kori-kura da manyan motoci: na kamfani ko na kasuwa?

Mota ta fara ƙwanƙwasa daga gaba duk lokacin da ta faɗa rami, sitiyari ya yi sako-sako, tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe ɗaya. Makanike ya ɗaga ta a jak, ya girgiza taya sama da ƙasa, ya ce ƙafa ta tafi. Nan ne mai mota ke tsayawa tsakanin kwali biyu: ɗaya ɗauke da tambarin kamfanin da ya ƙera motar, da tsadarsa, ɗayan na wani kamfani daban, mai sauƙin kuɗi, wani lokacin har da alƙawarin cewa ya fi na asali ƙarfi.

Kafin a yi nisa, akwai wata rashin adalci a yadda muke kwatanta su. Bol-join ɗin da ya zo da mota, wato gaɓar ƙwallon ƙarfe da ke haɗa hannun ƙafa da mazaunin taya, ya yi rayuwarsa ne a cikin sabuwar ƙafa: bushin (robar da ke gaɓoɓin ƙafa) sabo, shokazoba mai rai, sifirin bai sauka ba, taya daidai da wadda injiniya ya lissafa. Wanda aka sa daga baya kuwa ya tarar da maƙwabta duk sun gaji, shi zai sha duka a madadinsu. Don haka in na farko ya yi shekaru shi kuma ya mutu da wuri, ba kullum laifinsa ba ne. Na sha ganin an sa na kamfani sabo fil a cikin ruɓaɓɓiyar ƙafa, bai kai rabin kwanan na farko ba.

Abu na biyu shi ne kalmar "na kasuwa" ta yi faɗi da yawa. Kamfanonin motoci ba su ne ke ƙera yawancin waɗannan kayan da hannunsu ba, saya suke yi daga wasu. KYB ta Japan tana yi wa kamfanonin motoci shokazoba, kuma tana sayar da nata a kwalinta. ZF ta Jamus ita ke da Lemförder da Sachs, ta kuma sayi TRW a 2015, dukansu sunaye ne da za ka tarar a ƙafar sababbin motoci. Akwai Tacoma ta Toyota da ke fitowa daga masana'anta da shokazoba na Bilstein, Raptor ta Ford kuma da na Fox. Ka ga ke nan kayan irin waɗannan kamfanoni 'yan gida ɗaya ne da na kamfani, ko da yake ba dole ba ne abin da ke cikin kwalinsu ya yi daidai ƙwabo da ƙwabo da wanda suka yi wa mai motar, domin kowane kamfanin mota yana da nasa ma'aunin da yake gindaya musu. Bayan su akwai masu yi wa kasuwar gyara kaya da sunansu a fili, irin su Moog da Mevotech da 555. Sai kuma tarin marasa suna, da jabu masu sanye da rigar na kamfani. Haɗa waɗannan duka a kwando ɗaya a ce "na kasuwa ba ya ƙarko" ko "na kasuwa ya fi" magana ce da ba ta kai mutum ko'ina.

Bol-join da tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa taya, su ne inda ya kamata a fi tsayawa, domin in suka balle ana cikin tafiya, taya na iya kwantawa a ƙarƙashin mota. Na kamfani a yawancin motocin zamani a rufe yake ruf. Ƙwallon ƙarfen yana zaune cikin mazauni na roba mai tauri, an cika shi da giris tun daga masana'anta, babu ƙofar ƙara wani. Wannan tsarin yana sa sitiyari ya yi laushi ya kuma dawo da kansa bayan kwana, kuma muddin hular robar da ke rufe shi tana nan lafiya, zai daɗe ba a taɓa shi ba. Ranar da hular ta yage, ruwa da yashi suka shiga, kwanansa ƙirge suke, kuma babu abin da za ka iya yi masa.

Da yawa daga cikin na kasuwa masu daraja sun bi wata hanyar: ƙarfe kan ƙarfe, da ƙofar ɗura giris. Amfanin shi ne sabon giris yana turo tsoho da dattin da ya shiga, kuma ƙarfe ya fi jure duka da nauyi. Sharaɗin shi ne sai an ɗura, kusan duk lokacin da aka canza man inji, da kuma bayan an ratsa ruwa ko taɓo. A nan mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah. In kai mai kula ne, ko kana da makanike da ke riƙe da famfon giris ba sai an tuna masa ba, wannan nau'in zai yi maka aiki, musamman a motar da ke yawo cikin ƙura da laka. In kuwa ka san sai mota ta yi kuka kake duba ta, mai ƙofar giris zai bushe ya cinye kansa tun kafin rufaffen na kamfani ya fara gajiya. Ɗurawar ma da iyaka, in aka matsa har hular ta kumbura ta fashe, an yi ɓarna da sunan gyara.

Ni a wurina, a motar da ba a sauya mata komai ba, bol-join ɗin da ke ɗauke da nauyi, wanda a yawancin a-kori-kura shi ne na ƙasa, na kamfani zan saya ko na wanda ke yi wa kamfanin. Dalilina ingancin robar hula ne da daidaiton awo, wurare biyu da masu araha ke yawan rage kuɗi. Kuma a yi hattara da bol-join mai zane-zane a jiki ko wanda aka ɗan ƙara wa kauri don ya kama ramin da ya buɗe. Yana kamawa, amma yana ƙara buɗe ramin, ta yadda daidaitaccen ba zai sake zama a wurin ba sai an canza hannun ƙafar da ramin ke jikinsa baki ɗaya.

Wannan ba yana nufin na kamfani ba ya kuskure ba. A ƙarshen 2004 an janye Dodge Durango da Dakota kusan 600,000 a Amurka saboda bol-join na sama da danshi ke shiga ya cinye shi. A 2005 Toyota ta janye Tundra da Sequoia da Tacoma da 4Runner sama da 700,000 saboda bol-join na ƙasa. Abin lura shi ne waɗannan an gano su, an bi sawunsu, an canza su. Kayan da ba shi da suna in ya balle, babu wanda za a kira. Akwai kuma motocin da aka san wani sashe na ƙafarsu da rauni tun daga zane, har kamfanonin kasuwa suka fito da gyararren nau'i. In taka tana cikinsu, maimaita na kamfani maimaita ciwon ne.

A bushin ba ni da dogon tunani. Robar kamfani ta fi, kuma tazarar tana da yawa. Ana manne ta da ƙarfen ciki da na waje ne, tana murɗawa maimakon ta goge, kuma haɗin robar shi ne sirrin. Mai araha a ido ɗaya suke, amma zafi da mai da rana suna tsattsaga shi da wuri. Akwai bushin na foliyuretan, wannan mai launin ja ko shuɗi ko rawaya, wanda ba ya ruɓewa da mai kuma yana sa ƙafa ta yi tsam. Kuɗin da za ka biya shi ne girgizar hanya da za ta riƙa shigowa cikin mota, da kuka in ya bushe. Ga sandar da ke hana mota tangaɗi ba laifi. Ga hannun ƙafa na motar da ake zama cikinta duk yini, ba na ba da shawararsa.

Hannun ƙafa cikakke, wanda ake sayarwa da bol-join da bushin a jikinsa, yana jan hankali domin yana rage aiki. Ƙarfen kansa da wuya ya ba da matsala. Abin da aka cusa a cikinsa ne ke nuna kuɗinsa, kuma sau da yawa tsohon hannun kamfani da aka sa wa sabon bushin mai kyau ya fi sabon hannu mai araha daɗewa, in dai bai lanƙwashe ko ya yi tsatsa mai zurfi ba.

Shokazoba ne wurin da na kasuwa ke da bakin magana sosai. Kamfani yana saita nasa ne don matsakaicin direba da matsakaicin kaya, yawanci mai bututu biyu, wanda ke da daɗin zama amma mansa ke yin zafi ya yi kumfa a doguwar hanya mai gargada. Mai bututu ɗaya da iskar gas, irin wanda Bilstein ta shahara da shi tun shekarun 1950, ya fi fitar da zafi, don haka ya fi riƙe ƙarfinsa a motar da ke ɗaukar kaya kullum. Rauninsa shi ne in dutse ya lotsa jikinsa ya gama aiki, domin fistin ɗin a jikin wannan bangon yake gudu. A canza su biyu-biyu, hagu da dama tare.

Sai motar da aka ɗaga, ko aka sa mata manyan tayoyi, ko aka rataya mata ƙaton ƙarfen kariya da winci a gaba. Wannan ta fita daga lissafin injiniyan da ya zana ta. Bol-join na sama yana aiki a karkace kusa da iyakarsa, sifirin yana ɗauke da abin da ba a yi shi dominsa ba. A nan na kamfani zai riƙa mutuwa a kai a kai, kuma hannun sama da aka yi musamman don ɗagaggiyar mota, da sifirin da ya dace da ƙarin nauyin irin na Old Man Emu, su ne mafita. A guji dai nau'in ƙwallo buɗaɗɗe mara hula da ake yi don tsere, ƙura tana cinye shi da sauri.

Manyan motoci masu gatarin gaba guda da sifirin ganye, maganarsu ta kinfin ce, wato ƙaton fil ɗin da ke ratsa ƙarshen gatari, wanda taya ke juyawa a kansa in an karya sitiyari. Sabon kinfin mai kyau a ramin gatarin da ya buɗe ba zai zauna ba, kuma bushin da ke buƙatar a gyara masa awo bayan an cusa shi, in aka tsallake wannan matakin, ko na wane kamfani ne zai yi wasa da wuri. Ganyen sifirin kuma a ido ba a gane yadda aka ƙona ƙarfensa, shi ya sa sunan maƙerin ke da muhimmanci.

Garanti na "har abada" da wasu ke bugawa a kwali kayan kawai yake mayarwa. Kuɗin aiki, da alaimen (saita tsayuwar tayoyi), da tayar da ta cinye, da kwanakin da mota ta yi a tsaye, duk a wuyanka suke. In ka lissafa su sau biyu ko uku, ratar da ke tsakanin mai tsada da mai araha takan rufe.

Ko wanne ka ɗauka, ka tsaya a kan makanike ranar sawa. Kada a ɗaure notin bushin na roba mota tana rataye a jak, sai ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin watanni. A cusa bol-join da matsi, kada a buga shi da guduma. A sa sabon noti da sabon fil inda aka tanada, a ɗaure da sifana mai awo. A yi alaimen a ranar, sannan bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a sake ɗaga motar a duba notuna da hulunan roba.