Wata Takwas Da Birkin Dis a Bayan Hilux Ɗina

Motata Hilux ce ƙirar 2010, mai injin fetur 2.7, kuma da ita nake cin abinci. Dankalin Turawa nake ɗaukowa daga Bokkos, wani lokaci kabeji da karas daga Farin Gada, in gangara da su Abuja ta Akwanga. Duk wanda ya san wannan hanya ya san Hawan Kibo. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, kuma a gangaren nan ne mota mai lodi take biyan bashin wannan tsayi. Ko da ka saka giya ta biyu, ƙafa ba ta rabuwa da birki. Kafin ka kai ƙasa sai ka ji warin ƙauri, fedal ya yi nisa, kana takawa motar tana amsawa a makare.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Toyota ta sa wa Hilux irin tawa dis a gaba, durom a baya. Durom rufaffen kwano ne, zafi ba ya samun hanyar fita. In ya yi zafi sai ya buɗe, ya yi nesa da shu, wato takalmin birkin da ke goga shi ta ciki, shi ya sa fedal ke nitsewa. Dis kuwa faifai ne a fili, iska na dukansa ta ko'ina. Ga kuma damina: in na shiga gonakin Bokkos na tsallake rafi, laka da ruwa su cika durom, sai na yi tafiya mai nisa ina tattaka birki kafin baya ya farfaɗo.

Shi ya sa na yanke shawarar cire durom ɗin baya in sa dis. Na sayi cikakken saiti: faifai biyu, kalifa biyu (ƙarfen da ke matse faifan), ƙarafan ɗaura su, tiyo, da ƙaramin shu na birkin hannu da ke zama a cikin cibiyar faifan, irin tsarin da ke bayan Prado. Da kaya da kuɗin aiki, abin ya haura kuɗin sababbin tayoyi huɗu masu kyau. Aikin ba na rabin yini ba ne, domin farantin da ke riƙe da shu yana bayan boris, dole a zaro shaf gaba ɗaya a kai wurin injin matsewa. Tunda an riga an zaro, na sa aka canja boris da sil, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka.

Ranar farko raina ya ɓaci. An fitar da iska daga man birki har sau uku, fedal yana nan lagwaf kamar ka taka soso. Bakaniken ya ce min, "Alhaji, haka dis yake, zai zauna da kansa." Ban yarda ba. Washegari na kai wa wani dattijo da nake kira Baba, wanda ya daɗe yana gyaran manyan motoci. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila, bai yi minti biyu ba ya kira ni. "Ɗana, zo ka gani." An ɗaura kalifar dama a hagu, ta hagu a dama, sai ƙaramin notin fitar da iska ya koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa, ko galan guda na mai ka zubar ba za ta fita ba. Ya musanya su, ya zuba sabon man birki DOT 4, wanda ke jure zafi har digiri 230 idan sabo ne, saɓanin 205 na DOT 3. Nan take fedal ya tsaya.

Abu na biyu ya fi tayar min da hankali. Ina dawowa babu lodi, an yi yayyafi wajen Riyom, na taka birki da ɗan ƙarfi, sai tayoyin baya suka kulle, gindin motar ya fara zamewa gefe. Allah ya tsare. Motata ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Abin da take da shi wani ƙaramin bawul ne a saman aksul na baya, mai sandar ƙarfe, wanda ke rage ƙarfin mai zuwa baya idan mota fanko ce, ya ƙara idan lodi ya danne ta. Nawa ya yi tsatsa ya cije tun ban sani ba. Baba ya canja shi, muka nemi fili mai tsakuwa muka yi ta gwadawa, fanko da kuma da buhuna, har gaba ya riƙa kamawa kafin baya. Wanda zai yi wannan aiki bai taɓa bawul ɗin nan ba, ina roƙonsa kada ya ɗora iyalinsa a motar.

Yanzu fa? A Hawan Kibo, da cikakken lodi, yadda fedal yake a sama haka yake har ƙasa, kuma ƙaurin nan ya tafi. Bayan rafi, taku ɗaya ko biyu faifan ya bushe. Duba fad, wato abin da ke goga faifan, leƙe ne kawai ta ramin kalifa, babu buga durom da guduma, babu kwanciya ana juya ajosta.

Amma a busasshiyar kwalta, taku guda, ban ga motar ta tsaya da wuri fiye da dā ba. Mafi yawan aikin tsayar da mota gaba ne ke yinsa, sauran kuma yana ga taya. Birkin hannu ma ya ragu. Ƙaramin shu ɗin nan bai kai babban durom riƙo ba, don haka in na tsaya a tudu da lodi sai na bar ta a giya, yarona ya sa weji. Yashi da laka kuma suna cin fad ɗin baya da sauri, tunda a buɗe yake.

Ga mai yawo a cikin Kano ko Kaduna, inda ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ban ga dalilin kashe kuɗin nan ba: ya sa shu mai kyau, ya daidaita shi, ya canja man birki duk shekara biyu. Ni da nake gangara Hawan Kibo sau biyu a mako, zan sake yi a mota ta gaba, kuma wurin Baba zan kai ta tun farko.