Na kai katin jirgin Kaka gyara a gefen Wadata

Salamu alaikum jama'a. Masu tsofaffin hotuna a gida, ga abin da na gani a wani shagon gyaran hoto da ke gefen kasuwar Wadata nan Yamai.

Kakana Allah ya jiƙan shi tsohon sojan Faransa ne, kuma cikin kantin ɗin shi na ƙarfe muka tarar da wani kart postal, ruwa ya taɓa shi, gara ta ci kusurwa guda, hoton wani ƙaton bato ne mai bututun hayaƙi guda ɗaya tak, an rubuta Pasteur a ƙasa. Shi ne jirgin da ya kwashe su daga Marsai ya bi ta Suwez har Saigon lokacin yaƙin Indoshin, wato yaƙin da Faransa ta yi a yankin Vietnam na yanzu. Inna ta ce har ya rasu in ya tuna tafiyar nan amai da zafi yake fara faɗi.

Yaron shagon da farko cewa ya yi zai sa ma ordinatar ta zuba kala ta cike inda ya ɓace, na ce a'a wallahi, ban son ƙari ko ɗaya. Maigidan shi dattijo ne, nan take ya gane, ya ce bari dai mu share tabon ruwan mu bar sauran yadda yake. Haka ko aka yi. Rubutun hannun da ke bayan katin ma sai da ya yi skane ɗin shi daban ya sa a ƙasan kadar, abin da ni ban ma yi tunani ba.

Kuma jirgin nan fa tarihin shi abin mamaki ne. A Saint-Nazaire ta Faransa aka ƙera shi, aka sa shi ruwa a 1938, don ya riƙa kai masu kuɗi Amurka ta Kudu, amma kafin tafiyar farko yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. A 1940 ya ɗauki zinariyar Faransa fiye da tan 200 daga Brest zuwa Halifax a Kanada, daga nan Ingila ta karɓe shi ta maida shi jirgin jigilar soja har yaƙin ya ƙare. Da ya koma hannun Faransa sai Indoshin, nan ne su Kaka suka shigo. A 1957 Jamusawa suka saye shi suka sa mishi Bremen. Ƙarshe har Jidda ya zauna, Jiddar nan da alhazanmu ke sauka, ya zama wurin kwanan ma'aikata, sai a 1980 ana jan shi zuwa Taiwan a farfasa ya nutse a tekun Indiya.

Kuɗin aiki jika takwas har da kadar da gilashi, ni dai ban ga tsada ba. Inda raina ya ɓaci shi ne alkawari, sun ce kwana uku sai da na yi zuwa uku cikin kwana goma, kullum an ɗauke kuran ko takarda ta ƙare, kuma ba mai kiran ka ya faɗa maka, kuɗin taksi kawai ke tafiya. Wannan ya kamata su gyara.

In za ku kai naku ku nemi dattijon da kanshi, ku kuma karɓi asalin hotonku ranar da aka yi skane, kar ku bar shi ya kwana can. Namu yanzu yana rataye a ɗakin Inna, sama da gadonta.