Saitin fitilun LED na injin finbol: abin da na gani bayan wata huɗu

Ba don ado na sayi saitin fitilun nan ba. Ƙwallo ce take ɓace mini. Finbol wasa ne na ƙwallon ƙarfe da ke gangarowa a kan fili a ƙarƙashin gilashi, kana buga ta sama da filafilai, wato 'yan sandunan da ke ƙasan filin da ake motsawa da maɓalli. Injin finbol ɗin da nake atisaye a kansa na shekarun 1990 ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban irinsa ya san tsakiyar filinsa duhu ne. Fitilun suna gefe-gefe, ƙarƙashin robobin ado, tsakiya kuwa sai ɗan abin da ya zubo mata. Ita ƙwallon ta ƙarfe ce mai sheƙi, faɗinta milimita 27, nauyinta kusan giram 80, kuma ba ta da launin kanta, abin da ke kewaye da ita take nunawa kamar madubi. In fili ya yi duhu, ita ma ta yi duhu.

Da ina buga wasan don nishaɗi kawai, wannan bai dame ni ba. Sai da na fara shiga gasa, irin waɗanda ake yi wa rajista da hukumar IFPA mai jera 'yan wasan duniya bisa maki, sannan na gane abin da rashin gani yake jawo wa mutum. A tsarin da na fi bugawa, ana haɗa mutum huɗu a kan inji ɗaya, kowa ƙwallo uku, na ɗaya ya samu maki 7, sai 5, sai 3, na ƙarshe 1. Masu shirya gasa kuma ba sa barin inji a yadda yake. Sukan kashe ƙarin ƙwallo, su buɗe hanyoyin gefe da ƙwallo ke zurarewa, su matse ma'aunin girgiza ta yadda ɗan turi kaɗan zai sa inji ya kashe maka filafilan duka ka tsaya kana kallo. A irin wannan hali, ƙwallo ɗaya da ido ya rasa na rabin daƙiƙa ita ce tsakanin maki 7 da maki 1.

Wasan nan na ido ne da hannu. Birnin New York ya haramta shi daga 1942 har 1976 a kan cewa caca ce, sai da wani gwanin wasan mai suna Roger Sharpe ya tsaya gaban majalisar birnin ya buga, ya nuna musu cewa inda ya nufa nan ƙwallo take zuwa. To, ba ka nufin abin da ba ka gani.

Saitin ya zo a 'yan ledoji, kowace da sunanta, tare da taswirar da ke nuna wurin kowane ƙwai. Ba zan ambaci kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma irin wannan saitin yawancinsu kusan tafiyarsu ɗaya. A wajen tsari dai sun yi ƙoƙari. Fitilun injin iri uku ne, kuma sun raba su daidai: masu haskaka fili gaba ɗaya, waɗanda kullum a kunne suke, na ƙarƙashin 'yan tagogin roba masu launi da ke jikin fili, waɗanda ke gaya maka inda za ka buga, sai masu walƙiya da ke fashewa da haske idan ka ci wani abu babba. Tsofaffin da na cire su ne sanannun nan, lamba 44 masu gindin murɗawa da lamba 555 masu gindin cusawa, duka na bolt 6.3, sai lamba 89 da 906 na walƙiya.

Dare biyu na yi ina sakawa. Na zare wuta daga bango, na cire gilashi, na fitar da ƙwallaye kafin in ɗaga filin (kada ka manta da wannan, in ba haka ba za su gangaro su fasa maka roba). Aikin ba wuya, sai dai haƙuri. Wasu soket ɗin sun yi tsatsa, sai na goge su na ɗan matse bakinsu. Masu gindin cusawa kuma, in ba su kama ba, lanƙwasa 'yan wayoyin gindin waje kaɗan yakan isa.

Abu na farko da zan yaba shi ne zafi. Ƙwai lamba 44 guda ɗaya yana jan rubu'in amfiya. Ka tara gommai a kan layi ɗaya, suna ci awa bayan awa shekara da shekaru, sai ka fahimci dalilin da ya sa mahaɗar wayoyin hasken fili take ƙonewa ta yi baƙi a tsofaffin injina da yawa, da dalilin da ya sa robobin ado suke lanƙwashewa a saman ƙwan. Tawa mahaɗar ta riga ta fara yin ruwan ƙasa, na canza ta kafin in saka sababbin fitilun. Yanzu ina iya atisayen awa uku, in ɗora hannu a kan gilashi in ji shi da sanyinsa. Ko don wannan kaɗai ban yi nadama ba.

Na biyu, tagogin nan masu launi. Sun sa jan ƙwai ƙarƙashin jar taga, kore ƙarƙashin koriya, fari mai ɗumi ƙarƙashin rawaya da ruwan lemo. Launukan da suka koɗe suka dawo da ransu. Ga ɗan gasa wannan ba kwalliya ba ce. Tagogin su ne yaren da inji ke magana da kai. Idan ka kama ƙwallo a kan filafili ka tsayar da ita, kana da 'yan daƙiƙu ka karanta fili: wace kibiya ce ke ƙiftawa, saura bugu nawa ƙwallaye su fito da yawa, ina babban maki yake. A da sai na sunkuya. Yanzu kallo ɗaya ya wadatar.

Daga nan ne ƙorafina ya fara, kuma shi ne ya fi tsawo.

Hasken filin da suka zaɓa mini shuɗi ne da shunayya a sama, fari mai sanyi a ƙasa, duka da kai garai marar hazo. A hoto abin gwanin sha'awa ne. Wasa uku na buga na ji idona yana zafi. Ƙwallon ta ɗauki shuɗin ta saje da zanen fili, ta fi ɓacewa fiye da da. Ƙwayayen da ke kusa da filafilai kuma kai tsaye suke harbin ido, daidai wurin da ya kamata ido ya fi natsuwa. Zanen da mai zane ya yi shi don hasken ƙwai mai ɗumi ya koma wani abu daban, fuskoki sun yi fari fat, ja ya koma kamar baƙi.

Sai kuma abin da ya fi ba ni tsoro. Idan ƙwallo ta taho da gudu, sai in gan ta uku ko huɗu a jere, kamar an ɗauki hotonta sau da yawa an jera. Na zaci gajiya ce, ashe daga fitilun ne. Wutar hasken fili mai kai da komo ce, sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Tsohon ƙwai zarensa ba ya hucewa a tsakani, don haka haskensa a miƙe yake. LED kuwa nan take yake kamawa, nan take yake mutuwa. In ba a sa masa abin da zai riƙe masa wuta a tsakani ba, ƙiftawa yake yi da saurin da ido ba ya lura da shi sai wani abu ya gifta. Akwai dabarar da nake koyo a lokacin, wadda za ka saki filafili daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa shi don ka kashe mata gudu. Dabara ce ta ƙiftawar ido. Da wannan haske na kasa yin ta sam, sati biyu ina zargin hannuna.

Na uku shi ne abin da 'yan finbol ke kira fatalwa. Fitilun tagogi a injinan zamanin an jera su ne layi 8 a tsaye 8 a kwance, wuri 64, kwamfutar injin tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya da sauri. Wani ɗan ragowar wuta yakan tsallaka zuwa ƙwan da ba a kunna ba. Bai isa ya ɗumama zare ba, shi ya sa da tsofaffin ƙwayaye ba wanda ya san da shi, amma ya isa ya sa LED ya ɗan yi haske. Sai ka ga kibiya kamar a kunne, ka kai mata bugu mai haɗari, alhali babu komai a wurin. Akwai ƙwayaye da aka yi musamman don maganin wannan, kuma a bayanin saitin an rubuta cewa irinsu ne a ciki. Guda goma sha ɗaya ba su ba ne. Na rubuta musu, sun amsa da ladabi, sun aiko da canji ba tare da gardama ba, amma sai da na jira kusan sati uku. Wannan ya ɓata mini rai, domin abu ne da gwaji ɗaya kafin a rufe leda zai kama.

Masu walƙiyar ma sun yi yawa. Lokacin da ƙwallaye uku suke yawo, inji yana murna yana watsa haske, nan ne ka fi bukatar ido, nan ne kuma suke makantar da kai. Biyu da ke fuskantar mai wasa na mayar musu da tsofaffinsu. Na baya can na bar su.

Ga yadda na daidaita sauran. Duk hasken fili na cire, na sayi fari mai ɗumi, wajen Kelbin 3000 a ma'aunin launin haske, masu kai mai hazo, waɗanda ba sa ƙiftawa. Na shiga saitin injin na kashe dusashewar hasken fili da yake yi da kansa, domin LED ɗin ba sa dusashewa a hankali, rawa suke yi. Na ƙara 'yan fitilu biyu masu nuni a kan robobin da ke saman filafilai, na karkatar da su tsakiyar fili, nesa da ido. Waɗannan biyun, da ba sa ma cikin saitin, su suka magance matsalar da ta sa na fara duk wannan aikin.

Wani abokin gasa ya ba ni shawarar in ƙara dogayen sandunan haske da ake mannawa a gefen inji daga sama har ƙasa. Na buga a nasa, kuma gaskiya babu lungun da ba ka gani. Na ƙi ne don wani dalili. A gasa ba kai ke zaɓar inji ba. Zagaye ɗaya za a tura ka kan sabon injin kamfanin Stern da ya fito daga masana'anta da LED ɗinsa, zagaye na gaba kan injin shekarun 1970 mai ƙararrawa da lambobi masu juyawa, haskensa ja-ja kamar na fitilar ƙwai. Idon da ya saba da haske tarwai a gida zai sha wahala a kan na biyun. Ina son injina ya nuna mini ƙwallo, amma kada ya sangarta ni.

Wanda zai saya, shawarata ya ɗauki na tagogi a saiti, ya tabbatar masu maganin fatalwa ne, ya gwada su tun ranar da suka iso. Hasken fili kuwa ya zaɓa da kansa, ya fara da ƙwai biyar ko shida kusa da filafilai, ya harba ƙwallo da ƙarfi ya ga ko guda ɗaya yake gani.

A gasar da na buga makon jiya ban kai zagayen ƙarshe ba, amma sau huɗu na kashe gudun ƙwallo da dabarar nan, biyu daga ciki a kan inji mai duhu. Abin da ya rage mini yanzu shi ne gilashi. Tun da fili ya yi kyau na fara lura da yadda hasken allon maki ke kwantawa a samansa, daidai bakin gadar hagu da ƙwallo ke hawa. Na rage hasken allon, ya ɗan ragu. Akwai gilashi mai hana wannan ɗaukar ido, kuma wani da muke gasa tare ya ce zai ara mini nasa in gwada na sati ɗaya kafin in yanke shawara.