Ajin koyon wasan kwaikwayo a Gombe: ribarsa da inda ya gaza

A wata makarantar kuɗi da ke yankin Tudun Wada cikin garin Gombe, akwai ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo da ke karɓar aron ajujuwa biyu ranakun Asabar da Lahadi, tana koyar da duk mai sha'awar fitowa a fim ko a dandamali, bisa kuɗin rajista da wani ɗan abu da ake biya duk wata. Na yi zango guda a ajin tare da ɗan yayana, wanda ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, kuma tun da muka kammala abokan aikina malamai ke tambayata ko abin ya ci kuɗinsa. Ya ci, har da riba, sai dai ribar ta sha bamban da abin da akasarin ɗaliban suka zo nema.

Babban malamin dattijo ne da ya daɗe yana wasan rediyo da na dandamali, kuma a makonnin farko ko maganar kyamara bai yi ba. Da numfashi ya fara. Kowa zai tsaya ya ɗora tafin hannu a kan cibiyarsa, ya ja iska har sai hannun ya motsa, sannan ya faɗi jimla guda yadda na ƙarshen aji zai ji ba tare da an ɗaga murya ba. Daga nan sai karya harshe, irin na “da ƙato da kwaɗo”, kuma a nan ne na ga gwanintarsa a fili. Gombe gari ne da Bafulatani da Batangale da Batere da Bawaje da Babole ke haɗuwa a kan Hausa, kuma da yawanmu ba mu raba “k” da “ƙ” a baki, muna kuma kiran mace da “ya” ba tare da mun lura ba. Malam bai taɓa bari a yi wa kowa dariya a kan haka ba. Yakan ce ɗan wasa na bukatar daidaitacciyar Hausa domin ya iya hawa kowane matsayi, amma kada ya yar da karin harshen garinsu, domin ranar da labari zai bukaci mutumin Kumo ko na Dukku, Bakano sai dai ya kwaikwaya, shi kuwa abinsa ne tun daga nono.

Darasin da ya fi tsaya mini shi ne na sauraro. An haɗa wani saurayi da wata matar aure su yi tela da mai kaya a jajibirin Sallah, ɗinki bai kammala ba. Saurayin ya haddace maganganunsa tsaf, yana zuba su ba gargada. Sai Malam ya tsayar da wasan, ya raɗa wa matar wani abu, ya ce a sake. Da aka zo wurin da za ta yi faɗa, sai kawai ta zauna a bakin benci, ta riƙe yadin a cinyarta, ta ce a hankali, “Marayu ne, na riga na yi musu alkawari.” Saurayin ya daskare, domin amsar da ya haddace ta mai faɗa ce. Malam ya ce masa, “Ɗana, ba ita kake saurare ba, jira kake ta rufe baki ka faɗi naka.” Ya bayyana mana cewa wannan hanya ta samo asali daga Stanislaski, ɗan ƙasar Rasha da ya kafa gidan wasa a Mosko a 1898 tare da abokin aikinsa, wanda ya koya wa 'yan wasa su riƙa tambayar kansu abin da za su yi da su ne a cikin wannan hali. Bai tsaya ga Turawa ba, ya tunatar da mu cewa yaran da ke tashe a watan azumi da matan fada da suka riƙa yin wasan gauta suna kwaikwayon sarki da fadawansa, duk da lura da halin mutane suka gina wasansu, kuma ya ba mu aikin zuwa babbar kasuwa mu kalli yadda dillali ke tsayuwa da yadda mai bashi ke kauce wa ido.

Amfanin wannan horo ya fito a wuraren da ba su da alaƙa da fim ko kaɗan. Ni malamin makaranta ne, kuma a da muryata kan dishe kafin ƙarshen mako saboda da maƙogwaro nake magana. Yanzu ina gama darussana murya garau, 'yan kujerar baya ma sun daina cewa ba su ji ba. Ɗan yayana yaro ne da ba ya iya gaida baƙo sai kansa a ƙasa, maganar ma a ciki take maƙalewa. Malam ya raba masa abu biyu da muke yawan cakuɗawa, ya ce kunya ado ce a riƙe ta, amma tsoron buɗe baki ba tarbiyya ba ce. Ranar da aka yi taron dangi kan rabon wata gona, yaron ya durƙusa yadda ya kamata, ya ce, “Bappa, a ba ni izini in faɗi abin da Inna ta aiko ni da shi,” ya kuma isar da saƙon dalla-dalla har manya suka jinjina. Akwai kuma horon karɓar gyara a gaban jama'a ba tare da fushi ba, da kiyaye lokaci, domin idan mutum ɗaya ya makara dukan rukuninsa ne ke zaman jira. Ni an ba ni matsayin mai gidan haya da ke korar ɗan haya, hali da na tsana, kuma sai da na zauna na nemo masa dalili, wato bashin asibiti da ya yi masa katutu, kafin wasan ya zauna. Tun daga nan nake jinkirin yanke wa iyayen ɗalibaina hukunci idan suka zo mini da zafi.

Inda nake da ƙorafi mai nauyi shi ne alkawarin da ke jikin takardar tallarsu, cewa ajin hanya ce ta shiga Kannywood. Yawancin matasan saboda wannan layi suka biya, alhali babu darasi ko ɗaya da ya taɓo yadda sana'ar take a zahiri. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo na Hausa na farko a Kano a 1990, cibiyar harkar tana Kano, sai Kaduna da Jos. Sabon shiga kan raɓu ne da wani ubangida ko kamfani, ya yi rajista da ƙungiyar 'yan fim, kuma mai son aiki a Kano sai ya bi ta hukumar tace fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. Kasuwar faifai da ta ciyar da furodusoshi a Ƙofar Wambai ta mutu, aikin ya koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Mai farawa kan wuni a lokeshan yana jiran fitowa guda, sallamar kuma sau da yawa ba ta wuce kuɗin mota da abinci ba. Ɗalibai na yawan kafa hujja da Ali Nuhu saboda mahaifinsa mutumin Balanga ne, amma sukan manta cewa a Kano ya tashi, a tsakiyar harkar, kuma ya yi digiri a Jami'ar Jos, shekaru masu yawa kafin a naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Janairun 2024. Ita wannan hukuma tana da makarantar koyon fim a Jos, tafiyar sa'o'i kaɗan daga nan ta Bauchi, kuma abin takaici ne a ce an yi zango guda ba a ambata wa yaran da ke son abin da gaske cewa akwai ta ba.

Ɓangaren kyamara shi ma bai kai ba. Kyamara ɗaya ce, sau da yawa ma da waya ake ɗauka, babu makirfo na daban, ga zafin aji idan babu wuta. Malam gwanin dandamali ne, inda ake buɗe hannu da fuska domin na nesa ya gani, ita kuwa kyamara ƙiftawar ido ma tana kamawa. Ba a koya mana tsayawa a kan alamar da aka yi a ƙasa ba, ko maimaita motsi iri ɗaya duk lokacin da aka sake ɗauka domin mai tace hoto ya iya haɗawa, kuma waɗannan ne abubuwan farko da darakta zai nema.

Dole in yaba musu kan tsarin da suka yi wa mata, domin shi ne abin da iyaye suka fi tambayata. Ba a karɓar budurwa sai da sa hannun mahaifi ko waliyyi, matar aure kuma da amincewar mijinta. Akwai malama da ke zama a kowane darasi, ba a haɗa jiki tsakanin namiji da mace a wasa, ana tsayawa sallar La'asar, kuma ana tashi da sauran rana yadda mai zuwa Pantami ko Tumfure za ta isa gida kafin Magariba.

Wanda zai yi rajista a zango mai zuwa ya tambaya tun kafin ya biya ko ranaku nawa aka ware wa aiki gaban kyamara, ya kuma nemi a rubuta masa a rasit cewa za a ba shi bidiyon fitowarsa. Mu an ɗauki wasanmu na ƙarshe a gaban iyaye da 'yan uwa, aka ce za a turo wa kowa nasa, har yau shiru. Wannan ɗan bidiyon kuwa shi kaɗai ne abin da yaron Gombe zai iya aika wa furodusa a Kano ko Jos ya gani, kafin ya kashe kuɗin mota zuwa wurin tantancewa.